Tajet ko tafarnuwa: wanne ya dace da gindin wardi a Yamai?

Assalamu alaikum. Hajiya, kin ce kin sayo wardi huɗu wajen masu furanni na bakin kogi, suna nan cikin ledojinsu ba ki kai ga dasawa ba. Wani ya ce ki kewaye su da tafarnuwa da albasa, wani ya ce a'a, ki sa musu tajet, wannan ɗan furen mai ruwan ɗorawa da ƙamshi mai ƙarfi da masu sayarwa ke kira œillet d'Inde. Kina son ki san wanne za ki ɗauka. Ni dai tajet zan ce miki, kuma ki shuka shi tun wardin bai shiga rami ba. Tafarnuwa tana da ɗan amfaninta, albasa kuwa ki kai ta can wani gefen gida.

Yawancin shawarar da ake yaɗawa kan maƙwabtan wardi daga Turai ta fito, inda damuwarsu danshi ne da cutar ganye. Mu a Yamai ruwan da muke samu a shekara bai wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, a Afrilu da Mayu kuma zafi ya kan haura digiri 40. Ƙasar yawancin gidajenmu yashi ce. Abin da ke kashe mana wardi shi ne tsutsar saiwa, da jan gizo (wani mitsitsin ƙwaro mai tsotsar ganye), da darɓa, da gara, sai uwa uba zafin bazara. Da waɗannan ya kamata a auna kowane maƙwabci.

A ƙarƙashin ƙasa tajet ba shi da abokin gasa. Tsutsar saiwa, wadda malaman gona ke kira nematod, ido ba ya ganinta, tana son yashi mai ɗumi, ta shiga saiwa ta sa ta yi ƙulli-ƙulli. Sai ki ga kina ba wardi ruwa da taki amma yana ƙanjamewa, ganye na yin rawaya, da rana ya yi yaushi. Idan kin taɓa shuka tumatir ko kuɓewa a wurin, ki tuge guda ki duba saiwar, in akwai ƙulli to tsutsar na nan. Saiwar tajet, wanda asalinsa daga Meziko ne, tana fitar da wani sinadari mai suna alfa-tertiyenil da ke hallaka ta, kuma wannan abu ne da aka gwada aka tabbatar. Sai dai akwai sharaɗi, kuma nan ne mutane da yawa ke yin asarar wahalarsu: tushe biyu ko uku a gefen wardi ado ne kawai. Aikin yana yiwuwa ne in an cika wurin da tajet, tazarar santimita 15 zuwa 20, aka bar shi wata biyu ko fiye, sannan a sare shi a turbuɗe cikin ƙasa a dasa wardi a gurbinsa. In kin fara a ƙarshen damina, lissafin zai zo miki daidai. Ki watsa iri a lokacin, ki ajiye ledojin a inuwa kina shayar da su, ki dasa a Nuwamba lokacin da dare ya fara sanyi. Tafarnuwa da ake jerawa a gindi ba ta yin wannan aikin.

A sama, wajen ganye da toho, nan ne masu yabon tafarnuwa ke da abin faɗa. Tafarnuwa da albasa suna da sinadaran farar wuta, su ne ke ba su warinsu, kuma warin yana iya rikita darɓa, waɗannan ƙananan ƙwarin da ke taruwa a kan sabon toho lokacin sanyi suna tsotsa. Amfanin yana nan amma ɗan kaɗan ne, ba ya hana su zuwa in sun yi yawa. Tajet ta wata hanya yake taimakawa: furensa na jawo wani ƙuda mai kama da ƙudan zuma, wanda tsutsarsa darɓa take ci. A nan sai in ce kunnen doki suka yi. In tafarnuwa kike so ta yi miki aiki sosai, ki daka ta da barkono, ki jiƙa ta kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu ki fesa da marece. Wannan ya fi shuka ta a gindi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ana kuma cewa tafarnuwa na kare wardi daga baƙin ɗigo, cutar da ke sa ganye ya yi tabo ya zube. Ko da a ce haka ne, ki dubi lokaci. Cutar sai ganye ya jima a jiƙe take kamawa, wato a wurinmu cikin Agusta. Tafarnuwa kuwa amfanin sanyi ce, ana shuka ta Oktoba ko Nuwamba a cire ta kafin bazara. Lokacin da cutar ke zuwa ba ta ma cikin ƙasa. Abin da ke hana baƙin ɗigo shi ne ki zuba ruwa a gindi ba bisa ganye ba, ki bar iska na ratsa rassan, ki tsince ganyen da ya kamu ki ƙone.

Kowannensu yana da baƙon da yake jawowa, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Duk wanda ya san lambunan albasa na Galmi da sauran ƙasar Tawa ya san ƙwaron nan siriri da ake kira tirips, mai sa ganyen albasa ya yi fari-fari. Shi ɗin yana shiga cikin furen wardi tun bai buɗe ba, sai bakin furen ya ƙone, ya buɗe a murɗe. Dalilina ke nan na cewa albasa ta yi nesa. Tajet shi ma jan gizo na son sa ƙwarai, musamman in hunturu ya wuce iska ta yi zafi ta bushe, kuma jan gizo mugun abokin gabar wardi ne. Bambancin shi ne na tajet yana da sauƙin magani. Daga Fabrairu ki riƙa juya ganyensa kina dubawa, da kin ga ɗige-ɗige masu rawaya ko ƴar saƙa, ki tuge shi gaba ɗaya ki fitar, kada ki ji tausayi. Iri na nan, cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu wani ya yi fure. Wardin kuma ki wanke masa bayan ganye da ruwa da sassafe, ki fesa ruwan ƴaƴan dogon yaro, gram 50 na dakakken ɗa cikin lita guda, a jiƙa ya kwana.

Sai zancen ruwa, wanda a wurina shi ke raba gardama. Wardi na son a ƙosar da shi ruwa ya sauka ƙasa sosai, ba ya son yankewa. Albasa da tafarnuwa sai an ɗauke musu ruwa wajen mako biyu kafin cira, in ba haka ba kan ya ruɓe. Wannan lokacin yana faɗowa cikin Maris, daidai sa'ar da wardi ya fi jin ƙishi. Dole ɗaya ya cutu. Ga shi wajen cira sai kin tona, ki tsinke ƴan saiwoyin wardi na sama. Tafarnuwar ma a zafin Yamai ba ta yin kai irin ta duwatsun Abzin. Tajet kuwa ruwan da kika ba wardi ya ishe shi, in ya gama a yanke shi a bar saiwar ta ruɓe a nan.

Gaskiya ita ce a Afrilu da Mayu babu ɗayansu da zai tsaya miki. Abin da zai fitar da wardi daga bazara shi ne wurin da kika sa shi. Ki nemi inda yake samun ranar safe ta awa biyar ko shida, bango ya tare masa ta azahar zuwa la'asar. Kada ki sa shi ƙarƙashin dogon yaro don neman inuwa, saiwar itacen za ta shanye ruwan. Ki rufe gindi da busasshen ganyen dogon yaro, ki bar tazarar yatsu huɗu daga kara. Karan hatsi da ɗanyen taki gara suke kira, don haka takin da za ki sa a rami ya zama wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya huce. Na'ana'a, wadda na san za a ba ki shawararta, ki bar ta cikin tukunya, in ta shiga ƙasa sai ta mamaye ramin. Ƙariya ma, duk da kyan furenta, ruwan da wardi ke sha ruɓar da ita zai yi.

In kin zo dasawa, ramin ya kai santimita 50 a zurfi da faɗi, tsakanin wardi da wardi kusan mita guda. In ɗan aure ne, duk reshen da ya fito ƙasa da wurin auren ki cire shi. Gajeren tajet za ki nema, dogon yana tsere wa wardi ya tare masa iska. Ki jera sabon a da'ira, santimita 30 zuwa 40 daga kara. Idan har ranki na son tafarnuwa, ki sa ƴan ƙwayoyi a bakin fangali ta waje, inda za ki iya ɗauke musu ruwa ba tare da wardin ya ji ba. Allah ya sa albarka, Hajiya.