Wasiƙa daga Balin: na'urar sautin da ka ce in duba maka

Assalamu alaikum ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da kowa da kowa, saƙonka ya iso, har da sautin nan na minti shida da ka haɗa a kwamfuta. Sau uku na saurare shi, biyu a cikin jirgin ƙasa, ɗaya da daddare bayan sawu ya ɗauke. Kunnenka ya nuna, ban faɗa don in faranta maka ba. Na kuma gane damuwarka: ka gaji da jan linzamin kwamfuta, kana son abin da za ka ɗora yatsu a kai, ka murɗa, ka ji ya amsa. Tunda ina zaune a Balin, babban birnin Jamus, a bakin kasuwar abin, na yi wata biyu ina yawon duba maka na'urar haɗa sauti da ake kira sintisaiza.

Da farko ka cire fiyanon nan a ranka, wanda ake danna maɓalli guda sai ganga da sarewa su taso tare. Aikinsa kwaikwayon kayan kiɗan da ake da su. Sintisaiza kuwa daga tushe yake ƙera sauti: akwai abin da ke haifar da ƙarar, akwai filtar da ke tace ta, akwai abin da ke tsara yadda za ta taso da yadda za ta mutu. Irin kiɗan da kake yi, wanda ake kira ambiyent tun da Brian Eno ya raɗa masa suna a 1978, ba ruwansa da saurin yatsu. Sauti ne da ake shimfiɗawa a bar shi yana sauya kama a hankali, kamar hadari yana haɗuwa.

Ranar farko da na shiga shago sai na yi abin da kowane baƙo yake yi. Na bi sautukan da kamfani ya zuba a ciki ɗaya bayan ɗaya, kowanne in taɓa na daƙiƙa biyar in wuce. Duk na'urar da na taɓa daɗi take yi, na fito kaina a ɗaure. Sai a zuwa na uku na sauya dabara. In danna maɓallai huɗu, in riƙe, in ƙi saki har minti biyu, ido a rufe. A nan ne aka rabe. Wata na'urar bayan daƙiƙa goma ta gama faɗin duk abin da ke bakinta, sauran lokacin ƙugi ne kawai kamar na firji. Wata kuwa har minti biyun ya cika wani abu yana motsi a ƙarƙashi. Tun daga ranar da wannan ma'aunin nake auna kowacce.

Abin da ya fara kayar da wasu shi ne yawan muryoyi. Kowane maɓalli da ka danna murya ɗaya yake ci, kuma ba ya sakin ta sai sautin ya mutu gaba ɗaya. Kai kuma wutsiyar sautinka takan kai daƙiƙa goma ko fiye. To ka ɗauki Korg Minilogue XD, wanda ya fito a 2019. Sautinsa na da ɗumi, ga amsa-kuwwa mai kyau a cikinsa, ga maɓallan murɗawa a fili ba sai ka shiga neman komai ba. Amma muryoyinsa huɗu ne. Ka danna huɗu ka saki, kafin su gama dusashewa ka danna wasu huɗun, sai na'urar ta fizge muryoyin farko ta ba na biyu, ka ji an datse wutsiyar kamar an rufe ƙofa. Mai kiɗan rawa ba zai ma lura ba. Kai kullum za ka ji. Shi ya sa nake ganin kada ka sauka ƙasa da shida, takwas ta fi kwanciyar hankali. DeepMind 12 na Behringer sha biyu gare shi, Summit na Novation sha shida, sai dai Summit maɓallai 61 ne, ba ya shiga akwatin tafiya, kuɗinsa ma wani zance ne daban.

Na biyu, kuma a wurina shi ne zuciyar maganar, shi ne abin da ke motsa sautin ba tare da ka taɓa ba. Akwai wani abu da ake kira LFO, ka ɗauke shi a matsayin hannun ɓoye da ke murɗa maka maɓalli, ya kai ya komo. In na'ura tana da irin waɗannan hannaye da yawa, kuma za ka iya rage musu gudu har zagaye ɗaya ya ɗauki lokaci mai tsawo, kuma za ka iya ɗaura kowanne a duk inda ka so, to sautin ba zai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. A nan Hydrasynth na kamfanin ASM ya tsere wa sauran da na gwada. Muryoyi takwas, LFO biyar, da gurabe 32 na ɗaura wannan da wancan. Na sa ɗaya yana buɗe filta a hankali, wani yana karkatar da sautin daga kunnen hagu zuwa na dama da gudun da bai yi daidai da na farkon ba, na zauna ina ji har ma'aikacin shagon ya leƙo ya ga ko barci ya ɗauke ni.

Yana da wani abu kuma da sai ka taɓa za ka gane. Bayan ka danna maɓalli, in ka ƙara matsa shi, sautin wannan maɓallin kaɗai zai sauya, sauran suna nan yadda suke. Ka riƙe biyar, ka matsa ɗan yatsa guda, sai murya ɗaya ta ɗago kai daga cikin taron ta koma. A da sai manyan na'urori irin Yamaha CS-80 na 1977 ke da wannan, abin da nauyinsa ya haura kilo 80. Yanzu ga shi a abin da za ka rungume a hammata.

Korg Wavestate ta wata hanyar ya bi. Jikan Wavestation ne na 1990. Yana jera guntayen sauti su riƙa bin juna, kuma layin sautin daban, layin tsawon lokaci daban, layin kaifin murya daban, kowanne da nasa tsawon, don haka sai a daɗe ba su sake haɗuwa a wuri ɗaya ba. Maɓalli guda ka riƙe, sai ka ji kamar fim ake yi. Amma in ka tashi gina naka daga farko, ɗan ƙaramin allonsa zai sa ka gumi, kuma kai da kake gudun kwamfuta za ka tarar ka koma mata.

Gardamar analog da dijital kuwa, wato na'urar da ke haifar da sauti kai tsaye daga wutar lantarki da wadda ke haifar da shi ta lissafi irin na kwamfuta, da na ga ana ta yi kamar za a ba hammata iska, kada ta cinye maka lokaci. Yamaha DX7 na 1983 dijital ne zalla, an gina shi a kan wata dabarar ƙera sauti mai suna FM da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford, mutane suka yi ta kukan wahalar sarrafa shi, amma Eno ya zauna ya koye shi ya fitar da sautuka masu taushi da har yau ake nema. Da zarar ka zuba amsa-kuwwa mai tsawo a kan sauti, ƙalilan ne za su iya rantsuwa a kan daga ina ya fito.

Tunda na ambaci amsa-kuwwa, ka duba ko na'ura tana da ita a ciki. MicroFreak na Arturia, kamfanin Faransa da ke Grenoble, shi ne mafi arha kuma mafi hauka a duk abin da na taɓa. Ba shi da maɓallai na gaske, faranti ne da ke jin fatar yatsa. A 2023 suka sabunta masa manhaja kyauta, ya koyi ɗaukar sautin da ka naɗa ya farfasa shi ƙanana kamar yashi ya watsa. Ka naɗi kukan ƙofa ko saukar ruwan sama, ya mayar maka da shi wani abu daban. Amma a bushe yake fitowa, ba amsa-kuwwa ko kaɗan. Kai wannan ba zai kashe ka ba, tunda akwai Valhalla Supermassive da ake saukewa kyauta a kwamfuta. Yayan MicroFreak ɗin, wato MiniFreak na 2022, ya gyara wannan, ga muryoyi shida, ga maɓallai 37. Waldorf Iridium na nan Jamus ya fi su duka iya farfasa sautin, na taɓa shi sau ɗaya na janye hannuna don kada zuciya ta saba da abin da aljihu bai kai ba.

Yanzu yadda ake ciniki a nan, don shi ma rabin zaɓin ne. Doka ce a Tarayyar Turai, abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba, kuma sabon kaya yana da shekara biyu da mai sayarwa zai ɗauki alhakin aibin da ya zo da shi. Wanda ka shiga shago ka saya da ƙafarka, dokar kwana 14 ba ta hau kansa ba, sai in mai shagon ya ga dama. Thomann, wanda hedikwatarsa ke wani ƙauye mai suna Treppendorf a jihar Bavariya ta nan Jamus, kuma yana cikin manyan masu sayar da kayan kiɗa a duniya, ya ƙara nasa a kai: kwana 30 na mayarwa, garanti shekara uku. Ƙananan shagunan Balin ba za su iya gasar yawan kaya da shi ba, amma suna da abin da kwali ba ya kawowa. Su ba ka hedifon da kujera, ka yi awa guda ba wanda zai tsaya a kanka yana jiran ka ciro kuɗi. A SchneidersLaden, inda aka fi sayar da na'urorin da ake harhaɗawa da wayoyi, na ga mutane sun duƙufa kamar a ɗakin karatu. Kowane watan Mayu kuma ana yin baje kolin sintisaiza mai suna Superbooth a cibiyar FEZ, cikin dajin Wuhlheide a nan Balin, inda za ka tarar da wanda ya ƙera na'urar da kansa yana tsaye a gabanta yana amsa tambaya.

Kasuwar kayan da aka yi amfani da su kuwa na ɗanɗana kuɗata. Na ga wata tsohuwar na'ura wurin wani mutum, muka haɗu a gidansa, na gwada a gurguje don ina jin nauyin zama a ɗakin mutane. Sai da na iso gida na tarar maɓallin murɗawa guda yana tsalle, ka nufi 20 ya kai ka 70. Cinikin mutum da mutum a nan yawanci ana rubuta cewa ba garanti ba mayarwa, shi ma ya rubuta, ni ne ban karanta da kyau ba. Kuɗin gyara ya cinye rangwamen har da ƙari. Naka sabo zan saya.

Ga shawarata. Hydrasynth, ƙaramin da ake kira Explorer. Injin sautinsa ɗaya ne da na babban, muryoyi takwas ɗin nan, matsin yatsan nan, yana kuma aiki da batir in kana son fita da shi waje. Abin da ka rasa shi ne zirin da ake jan yatsa a kai da ke jikin mai maɓallai 49, sannan maɓallansa 37 ne kuma ƙanana. Zai ɗauke ka makonni kafin ka san hanyoyinsa, kada ka ce ban faɗa maka ba. In ka ga kana son wanda za ka fara jin daɗinsa tun daren farko, to MiniFreak.

Duk wanda ka zaɓa, a hannuna zai fara kwana. Garantin nan yana da daɗin ji, amma in kaya ya yi nisa, aiko shi gyara wahala ce. Zan yi amfani da kwanakin mayarwar in bi kowane maɓalli da kowace kafar waya, da hedifon dole, don a nan daga ƙarfe goma na dare da kuma ranar Lahadi maƙwabta ba sa ɗaukar ƙara. Zan kuma duba cajarsa ta karɓi ƙarfin wuta daga bolt 100 zuwa 240, in haɗa maka da rasit a cikin kwalin.

Abu ɗaya nake jira daga gare ka. Na san hannunka irin na Baba ne, yatsu masu kauri. Ka nemi kowane ƙaramin fiyano mai ƙananan maɓallai, ka danna huɗu ka riƙe minti biyu, ka gaya mini ko yatsun sun takura. In sun takura sai mu ƙara haƙuri mu tara na mai 49 ɗin. Ka gaishe da su Umma.