Katako da gawayi a Ikko

Yaya, bayan gaisuwa. Ka ce in duba maka harkar katako kafin ka sa kuɗinka, to ga abin da na gani.

Kaya dai akwai su. Lokacin da na je Oko-Baba, kasuwar katako a Ebute Metta, na tarar gungumen itace ake jawowa ta ruwa daga dazukan kurmi, a ɗaure su jere-jere a bakin tafki, in kana kan gadar Third Mainland kana hango su. Loko da maɗaci masu kaurin da ba mu taɓa gani a kasuwar katako ta gida ba. Sai dai tsofaffin wurin suna cewa kullum gungumen ƙara sirancewa suke, kuma masu sara sai sun nutsa daji sosai kafin su samu. Gawayi ma haka. Na nan daga yankin Oyo da Kwara yake zuwa, ya fi namu nauyi da daɗewa a murhu, masu suya a Agege ba sa son wani. Gas kuwa kusan kowace unguwa da mai cikawa.

Abin da ka fi mu, Yaya, iska ce. Ƙurar hunturu tana da lokacinta ta wuce, amma hayaƙin janareta da motocin haya na danfo da tirelolin tashar jiragen ruwa ta Apapa ba rani ba damina. Binciken Bankin Duniya ya ce gurɓatar iska ta kashe kimanin mutum 11,200 a Legas a 2018, fiye da rabi yara ƙanana. Yaran maƙwabtanmu ba sa rabuwa da tari, kyamis kuwa ga su nan birjik, sai dai kuɗi.

Ga kuma abin da daji ke aikowa. In aka sare shi, jemage da ɓera sai su matso kusa da mutane, mafarauta kuma su kawo naman daji kasuwa. Ebolar da ta iso nan a Yulin 2014 ta hanyar wani ɗan Laberiya, daga wani ƙauyen Gini ta taso, ana kuma zargin jemage. Dakta Adadevoh ce ta hana mutumin fita daga asibiti, ita ma cutar ta tafi da ita. A wannan fanni kam asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Yaba ya sha gaban namu na gida.

Shawarata, ka bar katakon nan, ba na ganin ɗorewarsa. In ka yarda, in tambayo maka kuɗin tukwanen gas a sari. A gaida Inna.