Madubin hangen nesa 8x42: abin da na gani bayan wata takwas ina yawo da shi

Da na je sayen madubin nan, mai shagon wani daban ya fara miƙo min, ƙato, gilashinsa ja wur, an rubuta manyan lambobi a jikinsa. Ya ce da shi har wanda ke tsallaken gari zan gani. Na ɗora a ido na duba allon shagon da ke fuskantarmu, sai rubutun ya rabu biyu yana rawa. Na mayar masa, na ɗauki mai 8x42 wanda ko kwalinsa ba ya ɗaukar ido. Lambar 8 tana nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai 10x50 ya fi jawo abu kusa, amma ya fi nauyi, kuma duk rawar da hannunka ya yi sai ya ninka maka ita. Tsuntsu ba ya tsayawa jiran hannu ya natsu.

Satin farko ciwon kai na sha, laifin kuma nawa ne. Akwai wani zobe a ɓangaren idon dama da ban san amfaninsa ba. Ashe rufe gefen dama ake yi a saita na hagu da abin murzawa na tsakiya, sannan a rufe hagu a daidaita dama da zoben. Sau ɗaya ake yi. Mai sa tabarau kuma ya murɗe robar bakin idon ta koma ciki, in ba haka ba zai riƙa gani kamar mai leƙen rijiya.

A ƙofar gida na fara gwaji, da kurciya da hasbiya. Na yi shekaru ina ganin hasbiya a kan rufin kwano, amma sai ranar na lura da jar fatar da ta zagaye idonta da ɗigo-ɗigon fari a fiffikenta. Gwajin gaske dai a fadamar Baturiya na yi shi, cikin ƙaramar hukumar Kiri Kasamma a Jigawa, da sanyin watan Janairu. Wurin yanki ne na dausayin Haɗeja-Nguru, kuma tun 2008 yana cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu. Lokacin hunturu ne agwagin Turai ke sauka a can, su haɗu da na gida irin su kirinjijiya da dinya.

Mun isa ana idar da sallar asuba, haske bai gama fitowa ba. A nan faɗin 42 ɗin ya biya kuɗinsa, domin abin da ido ke gani baƙi-baƙi a bakin ruwa, a madubin sai ga fararen fuskokin kirinjijiya reras, suna ta fito. Amma abin da ya fi tsaya min a rai fararen tsuntsaye ne. Da can duk farin tsuntsu mai dogon wuya balbela nake ce masa. Ranar na ga biyu kusa da juna. Ɗaya gajera ce, bakinta rawaya, wuya a noƙe, tana bin sawun shanu tana caɓe farin da suka tayar. Wannan ce balbelar da muka sani. Ɗayar siririya, baki baƙi, tsaye cikin ruwa tana karkaɗa ƙafa ɗaya a laka don ta firgita ƙananan kifi. Da ta ɗaga ƙafar sai na ga ƙaurin baƙi, yatsun kuma rawaya kamar ta taka kwaɓin kurkur. Kafin launin ma, yadda kowacce ke neman abinci ne ya raba min su.

Can gefe kuma wani baƙin zalɓe ɗan madaidaici ya yi abin da ya sa na manta da sanyi. Ya yi taku uku, ya buɗe fikafikansa ya lulluɓe kansa kamar lema, ya ɗan jima, ya ɗago, ya sake taku ya kuma. Inuwa yake yi wa kifi su taru ya tsince. Na fi minti ashirin a kansa, kuma hannuna bai gaji ba.

Wani dattijo masunci da ke gyaran koma ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, lafiya? Me ake haskawa?" Na gaishe shi na ce, "Baba, tsuntsaye nake kallo." Bai yarda ba sai da na rataya masa. Ya saita kan wani zakaran keƙuwa da ke ta tsiwa a tudu, ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah, har jan idonsa!" Shi ya nuna min inda ciyawar kacala ta cinye hanyar da suke bi da kwalekwale a da. Maganar ruwa kuwa kowa a yankin yana da ta cewa, tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu. Shawarata, a wannan zamani kada ka shiga ƙauye da wannan abu a wuya ba ka fara gaida mai gari ka faɗi abin da ya kawo ka ba.

Yanzu aibobinsa. Igiyar ratayawar siririya ce, kafin azahar ta ci min wuya, dole na sa mai ɗinkin jaka ya yi min mai faɗi. Murafen gilashin gaba sakwaf suke, ɗaya ya faɗa ruwa tun fitar farko. Ƙurar hunturu ta shiga abin murzawa, yanzu yana ɗan ƙara idan ana juya shi. Gefe-gefen hoton bai kai tsakiya fes ba, kuma idan shirwa ta gilma a farin sama ana ganin wani siririn layi shuɗi-shuɗi a bakin fiffikenta. Ƙananan tsuntsayen da ke can tsakiyar tafki kuwa sun fi ƙarfinsa, sai dai babban madubi mai ƙafa uku. Kada a goge gilashin da bakin riga, ƙurar yashi ce, karce shi za ta yi. A hure tukuna, sannan a sa ƙyalle mai laushi.

Duk da haka da zai ɓace gobe, irinsa zan sake saya. Gauraka ce na so gani ban samu ba, dattijon ya ce ta yi wuya yanzu. Shamuwa kuma ba lokacinta ba ne, tana can kudancin Afirka, sai gab da damina za ta dawo kan bishiyoyin cikin gari, kuma akwai wata tsamiya a unguwarmu da na riga na sa wa ido.