Maganin tsutsar shu da tumatir: wanne ya cancanci kuɗinka a Damagaram?

Rani biyu da suka wuce, sau uku ina sayen magani don shun (kabeji) da na dasa a garkata ta wajen Mirya, ganyen kuma ya ƙare kamar rariya. Kwalba uku, suna uku, kowace mai shago na rantse mini ta fi ta baya ƙarfi. Sai da ɗan yayata mai karatun noma ya duba ƙananan rubutun gefe ya ce: "Kawu, ai abu ɗaya kake ta saye." Biyu lambda-cyhalothrine ce, ɗaya cyperméthrine, duka ƴan gida ɗaya.

Muna cewa tsutsa ta "saba" da magani, kamar yadda harshe ke sabawa da tonka. A gaskiya gado ne. Cikin dubban tsutsotsi akwai ƴan ƙalilan da aka haifa da ɗan bambanci a ƙwayoyin halittarsu. Wasu, wurin da gubar ke kamawa a jijiyarsu ya canza, kamar an sake kwaɗo an bar ka da tsohon makulli. Wasu kuma jikinsu na yin sinadarin da ke narka gubar kafin ta yi aiki. Ka fesa, masu rauni su mutu, waɗannan su rage, su zama ƙananan malam-buɗe-littafin dare, su yi barbara da juna, su saka ƙwai. Tsutsar shu, wato Plutella, a zafinmu mako biyu zuwa uku sun ishe ta sake sabon zuriya. Tun 1953 aka ga ta gagari maganin DDT a tsibirin Jaba na Indunusiya. Ita kuwa Tuta, tsutsar tumatir, wadda mutanen Kano ke kira sharon, da taurinta ta zo: daga Kudancin Amurka ta shiga Sifen a 2006, tana ɗauke da canjin da masana ke kira kdr, wanda ke kare ta daga dangin lambda ɗin nan.

Saboda haka masana suka raba magunguna gida-gida da lamba, bisa inda kowanne ke kama ƙwaro. Gidan za ka tambaya, sunan kwalba ado ne.

Gida na 3, su lambda, cyperméthrine da deltaméthrine, ga arha, amma kan Plutella da Tuta kuɗinka ka zubar. Gida na 1, su profénofos da diméthoate, wari da haɗari ga mai fesawa sun fi amfaninsu. Gaurayen lambda da acétamipride na darɓa ne da farin ƙuda, kar a ruɗe ka da cewa biyu ne a ɗaya. Coragen, na gida na 28, yana aiki ƙwarai, sai tsada, kuma a Tailan da Filifin Plutella ta gagari gidan cikin ƴan shekaru don an matsa masa. Emamectine, gida na 6, da muke sani da Emacot, shi nake ajiyewa don ranar da abu ya ɓaci, fesawa biyu a jere iyaka.

Wanda na riƙe hannu biyu shi ne ƴaƴan bedi, wato dogon yaro. Ga su nan zube gindin kowace bishiya daga Birni har Zango, yara ma sa tsinto maka. Ka shanya a inuwa, ka ɓare, ka daka rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, ka tace da ƙyalle mai kyau kar ya toshe bakin famfo, ka sa ɗan sabulu don ya kama ganyen shu mai santsi. Da marece ake fesawa, rana na kashe ƙarfinsa. Ba ya kayar da tsutsa nan take, abin da ke sa masu gaggawa raina shi ke nan. Hana ta ci yake yi, ya hana ta saɓa, sai ta lalace a hankali. Abin da ya fi burge ni, sinadari iri-iri ne a cikinsa, sauya kwaɗo ɗaya bai ishi tsutsa ta tsira ba. Kuma bai cika kashe ƙananan zanzaro masu saka ƙwai a jikin tsutsa ba. Wanda ya ga buhunan irin waɗannan zanzaro da cibiyar binciken noma INRAN ta Maraɗi ke rabawa don murzunar gero ya san darajar waɗannan ƴan halittu. Wahalarsa daka da maimaitawa duk mako. Idan na samu Bt, maganin da ake yi da wata ƙwayar bakteriya, gida na 11, sai in riƙa karɓa-karɓa da shi tun tsutsa na ƙanana. Shi ma Plutella ta taɓa gagarar sa a Hawayi wajen 1990, kar a ce ban faɗa ba.

Sai maganar jabu, wadda ta fi duk wannan ci mini rai. Maganin da aka yarda da shi a Nijar yana ɗauke da lambar Kwamitin Sahel na magungunan ƙwari, CSP, na ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS. Ba lamba, ajiye. Mai ɗure a robar ruwa ko ƙullin leda, ba ka san me ya zuba ba. Duba murfi ko an taɓa buɗewa, duba kwanan ƙarewa ko an kankare an sake bugawa, duba ko kwalbar ta wuni kan tebur cikin rana har takardarta ta koɗe. Piya-piya kuwa kar ta kusanci abin da za a ci ɗanye. Maganin da aka tsinka da ruwa ya fi jabun tsantsa ɓarna: yana kashe masu rauni, ya bar masu ɗan tauri su hayayyafa, ka tara wa kanka da maƙwabcin garkarka iri mai wuyar kashewa. Haka mai rage awo don kwalba ta kai shi ƙarshen wata. Ni yanzu da wayata nake shiga shago, in ɗauki hoton takardar in tura wa ɗan yayata, sai ya amsa nake ciro jika daga aljihu.