Kumburin ido a ƙaramar hawainiya: abin da ya cancanci saye da abin da ya kamata a jinkirta

Hawainiya da ido take farauta, domin da shi take auna nisan da ke tsakaninta da ƙwaro kafin ta harba harshe. Idan ido ɗaya ya kumbura ta kan fara kuskuren harbi, idan kuwa duka biyun suka rufe sai ta daina ci gaba ɗaya, kuma ƙaramar da ba ta wuce 'yan watanni ba ba ta da ƙibar da za ta riƙe ta kwanaki da yawa babu abinci. Wannan ne ke sa mai kiwo ya ruɗe ya sayi duk abin da aka rubuta wa sunan maganin ido, alhali kumburin alama ce da abubuwa daban-daban ke haddasawa, kuma kowannensu da abin da ya dace da shi.

Kafin a kashe ko sisi, a tabbatar cewa kumburi ne na gaske. Lafiyayyar hawainiya kan hura idonta har ya fito kamar zai fashe, ta juya shi a cikin fatarsa, ta goga a jikin reshe, sa'annan ya koma daidai cikin ɗan lokaci. Wanke ido take yi, ba ciwo ba ne. Abin damuwa shi ne kumburin da ya kwana, ko kwantsa a bakin ido, ko rufe ido da rana tsaka. Idon da ya faɗa ciki kuma wani batu ne daban, galibi ƙishirwa ko rama yake nunawa. Yana da amfani a lura ko ido ɗaya ne ko biyu, saboda ido ɗaya ya fi karkata ga ƙura, guntun saɓa, rauni ko toshewar hanyar hawaye, biyu kuwa sun fi nuna matsalar fitila ko ta abinci, ko da yake ba dokar da ba ta karyewa ba ce.

Abu na farko da ya cancanci saye shi ne ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9 cikin ɗari, wanda ba a zuba masa sinadarin adanawa ba. Ƙananan kwalaben da ake amfani da su sau ɗaya sun fi babbar kwalba, domin babba tana iya gurɓata bayan an buɗe ta. Kada a ruɗa shi da ruwan wanke gilashin da ake manna wa ƙwayar ido, wanda ke ɗauke da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta, haka nan maganin da mutane ke ɗigawa don kawar da jan ido, mai tetrahaidrozolin ko nafazolin, ba shi da wuri a nan. Ana ɗora hawainiyar a kan hannu, kanta ya ɗan sunkuya ƙasa don kada ruwa ya bi hanci ko baki, a ɗiga da sirinji marar allura a kan ɗan ramin idon ba tare da an taɓa shi ba. Za a ga ta hura idon tana juya shi, wani lokaci har wani ɗan farin zare na saɓa ya fito gefe. Idan datti ne kawai, ana ganin sauƙi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Kusa da wannan akwai batun feshin ruwa a keji. Kwalbar feshin hannu tana wadatarwa ga mai hawainiya ɗaya matuƙar zai daure ya yi minti biyu zuwa uku yana fesawa, domin dabbar ba ta fara wanke ido sai ruwa ya jima yana sauka. Injin feshi mai agogo, irin MistKing, ya fi tsada amma ba ya mantuwa kuma ba ya gajiya. Na'urar ɗigon ruwa tana taimaka wa sha, sai dai ba ta wanke ido.

Fitila ce wurin da nake ganin an fi yin asarar kuɗi, kuma ita ce ake mantawa da zargi. Hawainiya na buƙatar hasken UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da idon mutum ba ya gani, domin jikinta ya haɗa bitamin D3, amma hasken da ya yi ƙarfi ko ya yi kusa yana ƙona saman ido, sai a ga dabbar ta runtse duka biyun jim kaɗan bayan an sa sabon ƙwan fitila. Ƙwan fitila mai murɗe yana tara haskensa a ɗan ƙaramin wuri, ya yi ƙarfi a kusa, ya yi rauni da zarar an ɗan nisa, ƙananan hawainiyoyi kuma suna da ɗabi'ar hawa ragar rufin keji su rataye a ƙarƙashin fitilar kai tsaye. Doguwar fitila irin T5, kamar Arcadia mai kashi 6 cikin ɗari na UVB ko ReptiSun 5.0 na Zoo Med, tana shimfiɗa haske daidai a faɗin keji, shi ya sa na fi zaɓenta. Masu kiwon hawainiyar Yaman da ta Madagaska kan nemi ma'aunin UVI, wato ƙarfin hasken UV, ya kai kusan 3 a reshen shan ɗumi, wanda na'urar Solarmeter 6.5 ke aunawa; na'urar tana da tsada, amma ita kaɗai ke faɗa wa mutum gaskiyar abin da ke sauka a kan reshen. Wanda ba shi da ita ya bi tazarar da kamfanin ya rubuta, ya ɗaga fitilar kaɗan daga saman raga, ya sauya T5 bayan kimanin shekara guda ko da tana ci.

Bitamin A ya fi kowane zaɓi buƙatar natsuwa. Ƙarancinsa kan sa fatar cikin ido da hanyar hawaye su yi kauri su toshe, kuma ya fi samun dabbar da ake ba gyaren da ba a ciyar da shi da kyau ba, ana barbaɗa masa kalsiyam zalla. Garin bitamin da ke kasuwa iri biyu ne: mai retinol, wato bitamin A da jiki ke amfani da shi kai tsaye, kamar Reptivite da Repashy Calcium Plus LoD, da kuma mai beta-karotin kawai, kamar Herptivite, wanda sai jiki ya juya shi. Likitocin dabbobi masu rarrafe da yawa ba su amince hawainiya na iya wannan juyin yadda ya isa ba, don haka mai retinol, sau biyu a wata, ya fi dacewa. Abin da ba zan ba da shawararsa ba shi ne a fasa ƙwayar bitamin A ta mutane a ɗura wa dabbar da nauyinta bai wuce 'yan giram ba. Wannan bitamin a hanta yake taruwa, ba ya fita da fitsari, yawansa kuma na iya kumbura wuya ya saluɓe fata.

Sai magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda su ne mutane suka fi gaggawar nema. Man Terramycin, mai oksitetrasaikilin da polimiksin B, ya shahara, amma kaurinsa kan manne a ɗan ramin idon ƙaramar hawainiya ya hana ta gani, ya kuma kama ƙura. Na ɗigawa, irin tobramaisin ko ofuloksasin, sun fi sauƙin shiga, sai dai likita ne ya kamata ya zaɓa. Mafi haɗari shi ne duk wanda aka haɗa da deksametason ko haidrokotison, domin idan akwai gyambo a saman ido zai hana shi warkewa. Da ido tsirara ba a ganin irin wannan gyambon, sai an ɗiga rinin fuloresin an haska.

Saboda haka nake lissafa ganin likitan da ya san dabbobi masu rarrafe a cikin abubuwan saye, kuma sau da yawa ya fi tarin kwalabe arha. Shi ne zai wanke cikin idon sosai, ya duba baki da hanci, ya ɗebi kwantsa a gwada. Idan maruru ne, mugunyar waɗannan dabbobi daskararriya ce, ba ta tsiyayewa, babu kuma maganin ɗigawar da zai narkar da ita, sai an tsaga an kwashe. Idan an yi kwana biyu ana wanki babu canji, ko dabbar ta daina ci, ko tana numfashi baki buɗe, to a kai ta a ranar, a tafi da kwalin fitilar da kwalaben garin bitamin da hoton kejin, domin su ne farkon abin da likitan zai tambaya.