Traveller: Wasan Fatauci Tsakanin Taurari, da Littattafan da Muke Jira Daga Masu Buga Shi

Wata goma sha huɗu ke nan da littafin dokokin wasan Traveller ya iso hannuna a nan Garwa. Wani ɗan'uwana da ke karatu a Turai ne ya saya, ya ba wani matafiyi ya kawo shi Yawunde, daga can ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, sannan ya ƙaraso cikin jakar wani direban babbar mota. Tun daga lokacin muke zama mu biyar a zauren gidanmu kusan kowace Asabar bayan sallar isha'i, kuma ina ganin zaman ya kai yawan da zan iya faɗin ra'ayina a kan wannan haja ba tare da na yi mata ƙage ba, in kuma faɗi abin da muke fatan masu buga ta za su fito da shi nan gaba.

Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, wasa ne na baka da takarda da fensir, babu kwamfuta a cikinsa. Mutum ɗaya ne alƙalin wasa, shi ke bayyana wuri da halin da ake ciki kamar mai ba da tatsuniya, sai dai a nan masu sauraro su ne jaruman labarin, kowa yana faɗin abin da jaruminsa zai aikata. Idan abin da aka yi niyya yana iya yiwuwa yana kuma iya faskara, sai a jefa ƙwayar ludo biyu a haɗa adadinsu, a ƙara makin gwanintar jarumin, kuma galibi 8 ko fiye ake nema. Wanda ba a ƙara masa komai ba yana dacewa sau 15 ne cikin 36, amma da an ƙara masa maki ɗaya tak sai ya koma sau 21 cikin 36, don haka ƙaramar gwaninta ma tana da nauyi. Tun da an ambaci ƙwayar ludo, ya kamata in faɗi abin da na faɗa wa mahaifina a daren farko da ya leƙo zaure: ba a zuba ko sefa ɗaya, babu wanda ke ci babu wanda ake cinyewa, labari kawai ake haɗuwa a gina.

Wani Ba'amurke mai suna Marc Miller ne ya ƙirƙiro wasan, kamfanin Game Designers' Workshop na jihar Ilinoyi ya fara buga shi a 1977, shekara uku bayan fitowar Dungeons & Dragons, shahararren wasa irin wannan. A lokacin ƙananan littattafai ne guda uku masu baƙin bango a cikin kwali. Kamfanin Mongoose Publishing na garin Swindon a Ingila ya fito da nasa bugun a 2008, ya sake na biyu a 2016, ya gyara shi a 2022, kuma wannan na ƙarshen ne nake magana a kansa. Littafi ne mai kauri, sama da shafi 200, da takarda mai sheƙi da zane-zane masu launi, kuma ya jure zafin watan Afrilu na Garwa da hannun mutum biyar masu shan shayi ba tare da ko shafi ɗaya ya ɓalle ba.

Abu na farko da ya kama mu shi ne yadda ake samar da jarumi. Ba ka zaɓen gwarzo ka ɗora masa duk halin da kake so. Kana farawa ne da ɗan shekara 18, ka nema masa aiki daga cikin sana'o'i 12, kamar soja ko ɗan kasuwa ko malami ko mai yawon gano duniyoyi, sannan ka bi rayuwarsa shekara huɗu-huɗu, ƙwayar ludo tana nuna ko ya sami ƙarin girma ko an kore shi ko ya yi abokin gaba. A bugun 1977 jarumi yana iya mutuwa tun kafin a fara wasan, amma yanzu an sassauta, sai dai ya bar aikin da rauni ko da baƙin jini. Daga shekara 34 kuma tsufa ke fara taɓa ƙarfinsa. Ƙanena ya shiga da burin zama hafsan jiragen yaƙi, ya fito da dattijo ɗan shekara 46 wanda aka ƙi ɗauka a soja, ya ƙare a gyaran inji, da ciwon ƙafa da bashi a wuyansa. Ya yi fushi a daren, amma yau duk cikin jarumanmu babu wanda ake ƙauna kamar wannan makanike.

Sai dai abin da ya sa nake ganin wasan nan kamar don mu aka yi shi yana cikin dokar tafiya ne. Kumbo, wato jirgin sararin samaniya, yana tsallakawa daga tauraro zuwa tauraro, tazarar fasek ɗaya zuwa shida gwargwadon ƙarfin injinsa, fasek ɗaya kuwa tafiyar haske ce ta shekara 3.26, amma kowane tsalle, gajere ko dogo, kusan mako ɗaya yake ci. Babu wata waya ko rediyo da ke riga kumbo isa, saboda haka labari ba ya wuce saurin mai ɗauke da shi. Daular da yawancin labaran ke gudana a cikinta tana da duniyoyi kusan 11,000, kuma umarnin sarki yakan yi watanni kafin ya kai bakin iyaka, dole a bar wa hakimai su yanke hukunci da kansu. Duk wanda kakansa ya ba shi labarin ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ya san wannan duniyar: ka sayi kaya bisa farashin da ka ji wata biyu da suka wuce, ka isa kasuwa ka tarar wani ayarin ya riga ka. Hatta tashoshin kumbo da aka kasa daraja-daraja, daga A zuwa E sannan X inda babu komai, sun tuna mini da tashar jiragen ruwan Garwa a kan Binuwai, wadda ko a zamanin da take tashe 'yan watannin da ruwa ya cika ne kawai manyan jirage ke iya isowa.

Kumbon da mu biyar muka mallaka shi ne ƙaramin na 'yan kasuwa, mai tan 200, mai tsallen fasek ɗaya. Kowane fasek yana cin mai daidai da kashi goma cikin ɗari na girman kumbon. Tataccen mai kiredit 500 ne (kiredit shi ne kuɗin cikin wasan) tan ɗaya a manyan tashoshi, wanda ba a tace ba kuma kiredit 100, amma yana ƙara haɗarin injin ya jefa ku inda ba ku nufa ba. A daren da muke gardama kan wanne za mu saya, kawuna, wanda ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota tsakanin Ngaundere da Kuseri, yana kishingiɗe a bakin ƙofa yana jin mu. Sai ya ɗago ya ce, "Kai ɗan nan, ashe har sama ma ana sayar da zuwa-zuwa?" Yana nufin man fetur ɗin fasa-ƙwauri da ake sayarwa a bakin titi. Na ce, "Ana sayarwa, Kawu, kuma mai arha ne." Ya ce, "To ku saya, amma ku ajiye kuɗin makanike a gefe." Daga ranar ya zama mai ba mu shawara, kuma tambayoyinsa ne suka nuna mini inda littafin ya tsaya.

Babin ciniki yana aiki, ban raina shi ba. Akwai ɗaukar fasinja, akwai dakon kaya, akwai wasiƙu, akwai sayen haja don a sayar a wata duniya, kuma kowace duniya tana da alamomin da ke nuna ko ta noma ce ko ta masana'antu, mai arziki ko matalauciya, waɗanda ke ɗaga farashi ko su karya shi. Amma kusan duka lissafi ne. Ka nemi mai sayarwa, ka jefa ƙwaya, ka duba jadawali, ciniki ya faɗa. Kawu ya tambaya, wa ya saukar da ku a garin? A gidan wa kuka ajiye kayan? Wa ya tsaya muku da kuka karɓi bashi? Littafin ya ba da damar ɗaukar dillali a biya shi la'ada, amma dillalin adadi ne da ake ƙarawa a kan ƙwaya, ba shi da fuska balle tarihi.

A nan babban fatana yake. Ina son a fitar da littafi guda a kan mutanen kasuwa, wanda zai yi wa fatauci irin hidimar da High Guard, ƙarin littafin wasan a kan kumbuna, ya yi wa ƙirar jirage. Akwai abin koyi a tarihin wasan, domin kamfanin farko ya fitar da Merchant Prince, ƙarin littafi a kan 'yan kasuwa, a 1985, amma abin da nake nema ya wuce sabon jadawalin farashi. Ina son dokar fatoma, mai masaukin da ke ajiye baƙo da kayansa, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso, wanda kuma idan ka ci amanarsa labarinka zai bi kowane kumbo har ya cika yankin. Ina son amana ta zama abin da ake aunawa a takardar jarumi kamar yadda ake auna ƙarfinsa da iliminsa, ta hau ta sauka, ta buɗe ƙofar bashi ko ta rufe. Ina son dokar ayari, inda ƙananan kumbuna shida ko bakwai za su haɗu ƙarƙashin madugu ɗaya don tsoron 'yan fashi, da jagaba a gaba, da gardamar da ba ta ƙarewa kan wanda zai biya kuɗin hanya da wanda zai jira wanda injinsa ya lalace. A duniyar da saƙo ke ɗaukar makonni, ba takardar banki ce ke riƙe ciniki ba, sanayya ce, kuma kakanninmu sun tafiyar da irin wannan harka ɗaruruwan shekaru.

Da wannan ne batun bashin kumbo ya haɗu. Bisa dokar littafin, ana biyan kashi ɗaya cikin 240 na kuɗin kumbon kowane wata har shekara 40, wato biya 480, ma'ana ninki biyu na farashin. Wannan bashi shi ne bulalar da ke kora 'yan wasa su karɓi aikin da hankali ba zai karɓa ba, kuma dabara ce mai kyau. Amma a zaurenmu biyu daga cikinmu sun ce ko a wasa ba sa son jaruminsu ya ci gaba da biyan kuɗin ruwa. Sai muka ƙirƙiro namu tsarin: wani attajiri ya zuba jari, mu muka zuba wahala, ana raba riba bayan kowace tafiya, asara kuma ta faɗa kan jarin. Abin mamaki, wasan ya fi daɗi, domin banki ba ya aiko ɗan ƙanensa ya zauna muku a kumbo yana ƙirga buhuna, attajiri kuwa yana yi. Shafi goma a kan hanyoyin mallakar kumbo, har da adashi tsakanin matuƙa, zai wadatar.

Ƙanena bai yarda da ni ba, kuma adalci ne in faɗi nasa. Shi ƙananan mutum-mutumin kumbuna yake so, da manyan taswirorin cikin jirgi da za a shimfiɗa a tabarma, da ƙarin labaran yaƙi da halittun wasu duniyoyi, wato Aslan masu kama da zakuna da Vargr masu kama da karnuka. Ban ƙi ba, amma a ganina wanda ke son yaƙi ya riga ya sami abin da zai ci har ya rage.

Inda muka haɗu da shi shi ne duniyoyin da babu ruwa. A tsarin wasan kowace duniya ana taƙaita ta da jerin alamomi takwas, ɗaya daga ciki na yawan ruwa ne, kuma idan ya zama sifili sai a kira ta hamada. Hanya mafi sauƙi ga alƙalin wasa ita ce ya ce rairayi ne da rana, a wuce. Mu da muke ganin ƙasa tana sauya kama daga tudun Ngaundere mai sanyi zuwa filayen Marwa, har zuwa gaɓar kogin Lagon inda ake haye gada a shiga Injamena, mun san cewa ƙasar fari cike take da doka: wa ke da rijiya, wa ke shayar da dabba da safe wa da yamma, ta ina burtali ya bi, me ke faruwa idan garke ya shiga gona kafin girbi. Littafi a kan duniyoyin ƙarancin ruwa, wanda marubuta daga yankin Sahel za su sa hannu a ciki, zai ba da labaran da ba sai an harba bindiga ba. K'kree ma, wasu halittun wasan waɗanda ba sa cin nama kuma ba sa iya rabuwa da garkensu, za su fi armashi a hannun wanda ya taɓa yini a kasuwar shanu ta Adumri yana kallon yadda ake ciniki.

Saura batun samun hajar kanta. Ana sayar da littattafan a fayil ɗin PDF ta intanet, abin da ya rage wahalar jigila, amma sai da katin banki, alhali yawancinmu kuɗinmu a waya yake. Sannan shafi mai launi da baƙin gefe yana shan tawada, kuma mai shagon hoton takardu da na kai wa shafi ashirin ya dube su ya ninka mini farashi. Da za a riƙa haɗa kowane fayil da kwafi fari da baƙi marar ado, a ƙaramin girma irin na littattafan 1977, wanda za a buga a naɗe a sa a aljihun riga, da an sami sababbin 'yan wasa daga Garwa har Abeshe. Nawa littafin na Ingilishi ne, abokaina kuwa da Faransanci suka yi karatu, don haka ni ke fassarawa da baki, kuma na riga na cika rabin littafin rubutu da kalmomin da muka daidaita a kansu: kumbo, tsalle, alƙalin wasa, fatoma. Idan kamfanin ya buɗe ƙofar izinin fassara taƙaitattun dokoki zuwa Hausa, shafi 48 ya ishe mu farawa, kuma Kawu ya riga ya ce babin dillalai a bar masa.