Pokémon da magen ɗana

Wata uku ke nan muna kallon Pokémon ni da ɗana mai shekara bakwai, kashi ɗaya ko biyu a ranakun da babu Islamiyya. Da farko don in sa ido nake zama. Yanzu kuwa ni ce mai tambayar inda muka tsaya.

Shirin zane ne na Japan, an fara haska shi a watan Afrilun 1997. Labarin Ash ne, ɗan shekara 10, wanda ya makara ranar da Farfesa Oak yake raba wa yara halittun da za su fita duniya da su. Kafin ya iso an kwashe ukun da ake rububi, sai ya tashi da Pikachu, ɗan rawaya mai kama da ɓera, kumatunsa jajaye suna fitar da lantarki. Pikachu bai so shi ba ko kaɗan. Ya ƙi shiga ƙwallon da ake ajiye su, ya yi ta ɗirka masa wuta, har sai da Ash ya sa safar roba ya ɗaura masa igiya yana ja kamar mai kai akuya kasuwa.

Can a hanya tsuntsaye suka far musu, ga ruwa yana zuba, Pikachu ya jigata. Ash ya sha gabansa, ya buɗe hannuwa ya kare shi da jikinsa. Sai a lokacin Pikachu ya bi ta kafaɗarsa ya yi tsalle ya tarwatsa su.

Wannan wurin ne ya shiga gidanmu. Ɗana yana da mage, kuma a da ta wuya yake cafko ta ya danne a cinya, wai so ne. Tana jin motsinsa take shigewa ƙarƙashin gado. Na yi faɗa har na gaji. Ranar da muka ga kashin nan ya ce, "Umma, me ya sa ya ƙi shi da farko?" Na ce, "Kai wa zai ja ka da igiya ka so shi?" Bayan kwana biyu na tarar ya ajiye mata guntun kifi a murfin kwano, ya ja gefe ya zauna shiru yana jira.

Akwai abin da bai kwanta min ba. Rabin shirin haɗa halittun faɗa ne, don haka sai da na zaunar da shi na ce wannan zane ne, dabbar gaske tana jin ciwo, kuma ba a haɗa ta faɗa. Ɓarayi uku na cikin shirin, Jessie da James da Meowth, kusan kullum dawowa suke da dabara iri ɗaya, babba zai ƙosa. Da Turanci muke kallo, ina yi masa bayani da Hausa. Tsawo kuma ba a magana: Ash bai zama zakaran duniya ba sai a 2022, ya bar shirin a 2023 bayan kashi sama da 1,200, dole uwa ta sa iyaka.

Amma kashin da Ash ya saki Butterfree, wata halittarsa mai kama da malam-buɗe-littafi, ya bi 'yan uwansa, duk da shi ya raine shi tun yana tsutsa, ya sa ɗana kuka, ni ma na share ido. Magen kuwa sai da ta yi fiye da mako tana leƙensa daga nesa. Jiya da daddare a ƙafarsa ta kwana.